Ayabata ta langaɓe cikin dare ɗaya: ta mutu ne ko da sauran rai?

Maman Iman (Leeds)
Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu lambu don Allah ku agaza min. A watan Mayu na sayi ayaba a wani wurin sayar da shuke-shuke, 'yar mitsitsiya, ko gwiwata ba ta kai ba. Na dasa ta a ɗan filin da ke jikin kicin ɗinmu. Kafin Satumba ta fi Baban Iman tsawo, ganye kamar tabarma, duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya ɗauki hoto. Shekaranjiya da dare sanyi ya sauka, wayata ta nuna digiri 4 ƙasa da sifili. Da safe na leƙa, ganyen duk ya yi baƙi ya zube kamar alayyafon da aka tafasa. Yau na taɓa saman jikinta na ji ya yi lugub, har ruwa yake tsatsowa. In tumɓuke in huta, ko da sauran rai? A takardar da ke maƙale da ita an rubuta Musa basjoo.

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
Wa alaikumus salam. Sai haƙuri Anti, Malam Musa ya riga mu gidan gaskiya. Yaushe ne sadakar uku?

Alhaji Mai Lambu (Bristol)
Kai Ɗan Gwarzo, bari tsokana, baiwar Allah na cikin damuwa. Sunan ma ba na mutum ba ne a nan, duk dangin ayaba Musa ake ce musu a littafin masana tsirrai, har wadda ake tallanta a bakin tasha.

Maman Iman, ajiye fartanya tukuna. Shekarata 19 da irin wannan ayabar, kuma kowace shekara sai na ga abin da kika gani. Abin da muke ce wa jikin ayaba ba itace ba ne, gindin ganyaye ne suka nannaɗe juna kamar ɓawon albasa, cikinsa ruwa ne fal. Ruwa kuwa in ya daskare kumbura yake yi, sai ya farfasa naman ganyen ta ciki. Da rana ta fito ya narke, shi ne kike ganin wannan laushin. Amma ran shukar ba a nan yake ba, yana ƙasa, a wata dunƙulalliyar saiwa mai kama da kan makani. Digiri 4 na dare ɗaya bai kai gare ta ba. Wannan irin asalinsa daga Chaina ne, ya bi ta Japan ya shigo Turai, saiwarsa tana ɗaukar digiri 10 ƙasa da sifili, in an lulluɓe ta da kyau har fiye.

Ki samu wuƙa mai kaifi ki sare baƙin ganyen duka. Sai ki bi jikin daga sama kina yankawa kaɗan-kaɗan, kamar mai yanka rake, har ki iso inda ya yi tauri, tsakiyarsa fari tas ba ruwan ƙasa ba. Nan za ki tsaya. Ki kewaye abin da ya saura da ragar waya irin ta kejin kaji, ki bar tazarar kamu ɗaya, ki cusa busasshen karan alkama har sama. Ana samunsa a shagunan da ke sayar da abincin zomo da doki. Ki ɗora wani abu a kai da zai tare ruwan sama, gefen kuwa ki bar shi iska na ratsawa. Gindin ki tula masa busasshen ganye mai kauri.

Maman Iman (Leeds)
Alhamdu lillahi, Allah ya saka da alheri Baba. Baban Iman ya ce ba sai an sha wannan wahalar ba, wai a zura mata baƙar ledar shara biyu a ɗaure.

Alhaji Mai Lambu (Bristol)
Ki gaishe shi, ki ce na ce a'a. Leda gumi take tarawa. Da rana ta ɗan ɗumama sai ruwa ya kwanta a ciki, da dare ya daskare, kafin Fabrairu abin ya ruɓe yana wari. A ƙasar nan jiƙa ta fi sanyi kisa, wannan shi ne karatun da na biya kuɗi mai yawa kafin na iya. Disambar 2010, da aka ce an yi shekara ɗari ba a ga Disamba mai sanyinta ba, ina da ayaba uku. Biyu na yi musu kara, ta ukun kara ya ƙare na naɗe ta da leda. Biyun jikinsu ya mutu amma sun toho daga ƙasa. Ta ledar har saiwa ta tafi, da na tona kamar kunun da ya kwana.

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya. A shekara 19 ɗin nan, nono nawa ka yanka ka ci?

Alhaji Mai Lambu (Bristol)
Ko ɗaya. Sau biyu ta yi fure, bayan jikin ya tsallake hunturu uku a jere bai mutu ba. Ta fitar da 'yan ayaba kamar yatsun yaro, korra shar, ciki duk ƙwallo. Ba a cin su.

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
To kun ji fa. A sayo ta da kuɗi, a ba ta taki, a yi mata ban-ruwa, sanyi ya zo a ɗinka mata bargo kamar jaririya, ita kuwa ko ɓawo ba za ta ba ka ba. A Gwarzo akuyar da ba ta haihuwa ranar kasuwa ake jira. Ni filina na haya da ƙaramar hukuma ta ba ni, sai da na yi shekara uku a layi kafin na samu, ba na sa komai a ciki sai abin da zai shiga tukunya. Alayyafo, albasa, kabewa, tumatir, wake. Kama da wane ba ta wane, Alhaji. Ayabar da ba a ci ai hoton ayaba ce.

Hajiya Babba (Mississauga)
Ɗan Gwarzo, kai yaro ne, shekararka nawa a waje? Bari ka yi ashirin. Akwai ranar da za ka buɗe labule ka ga komai toka-toka, sama da ƙasa, sai ka ji abin da kake so ba miya ba ne. Ni a gidanmu na Zariya akwai ayaba a bakin rijiya, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Ban tuna ɗanɗanonta ba, ina jin mu yara ma ba a ba mu. Abin da na tuna ƙarar ganyen ne in ruwan sama na dukansa. Shi na saya da kuɗina, kuma na samu. Kai da kake sa labule mai tsada a falo, cinsa kake yi?

Maman Iman (Leeds)
Hajiya kin faɗi abin da ke raina wallahi.

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
Tuba nake Hajiya, amma labule ba ya mutuwa duk Disamba.

Injiniya (Minneapolis)
Ni dariya ma kuke ba ni da digiri 4 ɗinku. Nan a watan Janairu in aka ce 4 ƙasa da sifili sai ka ga yara sun fito ba hula. Kafin mu yi nisa ya kamata a gane ba sanyi ɗaya muke magana a kai ba, don kada shawarar Alhaji ta kashe shukar wani.

Ma'aikatar noma ta Amurka tana da taswira da ta raba ƙasa shiyya-shiyya, gwargwadon sanyi mafi tsanani da ake samu a shekara in an yi matsakaicin shekaru 30. A sabuwar da aka fitar a Nuwamban 2023 garinmu ya koma 5a, wato wajen digiri 26 zuwa 29 ƙasa da sifili. Landan in an auna ta da wannan ma'auni tana wajen shiyya ta 9. Abin mamakin, Landan ta fi mu kusa da ƙuryar arewa: tana kan digiri 51 da rabi, mu muna kan 45. Ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa daga mashigin Meziko, da iskar yamma da ke bi ta kansa, su ne suka yi musu rana. Shi ya sa har a yammacin Scotland akwai lambuna irin Logan da Inverewe da ake ganin itatuwa masu kama da giginya a fili.

Amma Allah bai haɗa wa kowa duka ba. Su huntunsu da sauƙi, zafinsu kuma ba ya nuna komai. Mu a Yuli muna kai 28, 30, da dare ma ɗumi. Kuɓewa nake nomawa a fili ina kyauta da ita. Ku tambayi Ɗan Gwarzo ko ya taɓa cika kwano.

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
Kada ka fama min ciwo. Shekara biyu ina gwadawa, bara na samu guda bakwai. Bakwai, ba kwano bakwai ba. Uwargida ta ce a sa su a firam.

Injiniya (Minneapolis)
To ka gani. Don haka mu nan dabarar daban ce. Ba na wahalar da kaina da abin da zai kwana a waje, sai kaɗan. Na fi dogara da masu gudu, waɗanda za su tashi daga ƙasa su fi mutum tsawo cikin wata huɗu. Furannin ado irin canna da dahlia, da kuma gwaza. Sanyin farko na Oktoba in ya ƙona ganyen sai in tone saiwar, in kakkaɓe ƙasar, in bar ta ta sha iska kwana biyu uku, in jera a kwali in kai ɗakin ƙasa inda yake da sanyi amma ba ya daskarewa. Kamar dai yadda ake ajiye irin dankali. Ƙarshen Mayu su koma.

Ɗan Zango (Bronx)
Salamu alaikum jama'a. Injiniya ya ambaci gwaza, bari in tona asiri. Abin da ake sayar muku a wurin fulawa da sunan kunnen giwa, dala ashirin ko fiye, ɗan'uwan wanda ke cikin kwando ne a shagon Indiyawa da na mutanenmu, ana aunawa a sikeli. Ni can nake zaɓo masu ido, in sa a bokiti da ƙasa mai laima a watan Maris, kusa da hita. Yana daɗewa kafin ya farka, kada ka yi fushi ka zubar. In ya fita waje ka ba shi ruwa kamar ba gobe da taki mai yawa, ganye zai yi faɗin faranti. A Kumasi ganyen makani muke miyar kontomire da shi, to ga ado ga miya, Ɗan Gwarzo sai ka yi shiru. A dai dafa shi sosai, ɗanyensa yana ƙaiƙayin maƙogwaro.

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
Yauwa, wannan magana ce. Mutumin Zango ya fi ku hankali.

Malama 'Yar Jos (Glasgow)
Ni abin da ya kusa kashe ni da dariya shekarar da na zo, wani lambun gwamnati na shiga, na ga an kewaye wata shuka a tsakiyar fulawoyi, an kafa mata allo da suna, Turawa na ɗaukar hoto. Na matsa na duba, zurma ce! Zurmar da ke fitowa a kan juji ba wanda ya shuka ta, wadda ake aiken yara su sare. Tasu dai ja ce, an zaɓo iri mai jan ganye, amma ita ce. Na sayi ƙwayar na shuka, cikin damina ɗaya ta kai kafaɗata, kuma gaskiya ta yi kyau. Sanyin farko ta mutu, shekara ta zagayo na sake.

Hajiya Babba (Mississauga)
Malama, a yi hattara da ita in akwai yara. Ƙwayar tana da kyau kamar wake mai zane, yaro zai kai baki, kuma guba ce mai kisa. Maman Iman ke da ƙananan yara, kada ki sa.

Injiniya (Minneapolis)
Gaskiyar Hajiya. Gubar da ke cikinta ce aka kashe wani ɗan jaridar Bulgeriya, Georgi Markov, da ita a Landan a 1978. In dole sai an shuka, a riƙa tsinke furen kafin ya yi 'ya'ya.

Ɗan Damagaram (Hamburg)
Ina gaida manya. Ni matsalata zogale ne. Sau huɗu ina shukawa a tukunya, yana tashi lafiya lau har ya kai ƙugu. Oktoba in shigo da shi ɗaki, ganye ya yi rawaya ya zube, in ƙara mishi ruwa don tausayi, kafin sabuwar shekara ya mutu. Ɗakin kuwa da ɗumi, digiri 21. To in ba sanyi ba, mi ke kashe shi?

Alhaji Mai Lambu (Bristol)
Tausayin naka ne ke kashe shi. Tuna zogalen gida da rani: ganye ya ragu, ya tsaya kamar sanda, wata da watanni ba ɗigon ruwa, bai mutu ba, don yana da saiwa mai kauri da ke riƙe masa abinci. A Hamburg cikin Disamba rana awa bakwai da rabi ce, ita ma ta bayan gajimare. Ba haske, shuka ba ta aiki, ba ta shan ruwa. Kai kuma kana ta zubawa, saiwar na zaune cikin laima har ta ruɓe. In ya zubar da ganye ka rage masa tsawo, ka janye hannu, sai ƙasar ta bushe ƙamas ka ɗan yayyafa. Ka haɗa ƙasar da yashi da tsakuwa tun farko, tukunyar kuma mai zurfi. Ba na ce zai rayu tabbas ba, ni ma cikin biyar biyu nake tsirarwa.

Ɗan Damagaram (Hamburg)
Wallahi haka ne, da na zazzage tukunyar saiwar ta yi laushi tana wari. Na gode Alhaji. Mu nan maƙwabtana tsofaffi ba su fitar da komai waje sai bayan 15 ga Mayu, suna da wasu kwanaki da suke ce ma waliyyan ƙanƙara, daga 11 zuwa 15. Shekarar farko na ce camfi ne, na fitar da tumatir ƙarshen Afrilu. Ban sake ba.

Hajiya Babba (Mississauga)
Mu kuma hutun Victoria muke jira, Litinin ɗin da ke gabanin 25 ga Mayu. Kowace ƙasa da tata alamar, kamar yadda manomi a gida ba ya rawar jiki da ruwan farko.

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
Tunda an dawo kan abin da ake ci, ga tawa. Yakuwa tana yi min kyau a ɗan ɗakin gilas ɗina, ganye har na gaji da tsinka. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ba ni zoɓo ba. Sai Oktoba in ga 'yan ƙunshin fure, kafin su buɗe sanyi ya gama da ita. Na canza iri, na canza taki, shiru.

Injiniya (Minneapolis)
Ba taki ba ne, agogo ne. Yakuwa tana cikin shuke-shuken da ba sa fure sai yini ya gajarta, ya sauko wajen awa 12. A Kano yini mafi tsawo a shekara bai cika awa 13 ba, shi ya sa da damina ta ja baya take fure ba gardama. Kai kuwa a Birmingham cikin Yuni yininka ya kusa awa 17. Ka tuna azumin 2015 da 2016, da ake shan ruwa bayan ƙarfe tara na dare? To ita ma yakuwar wannan dogon yinin take gani, sai ta ce lokaci bai yi ba, ta ci gaba da ganye. Yini ba ya saukowa awa 12 sai wajen 23 ga Satumba, lokacin kuma zafi ya tafi.

Masu noman fulawa na kasuwa suna yaudarar irin waɗannan da baƙin ƙyalle. Tun Yuli ka riƙa rufe ta ruf da ƙarfe shida na yamma, ka buɗe bakwai na safe, kullum ba fashi, na 'yan makonni. Ban gwada da yakuwa da hannuna ba, amma dalilin ɗaya ne.

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
Wato ni ma in ɗinka bargo.

Hajiya Babba (Mississauga)
Allah mai iko. Alhaji sau ɗaya yake rufe tasa a shekara, kai kuwa kullum.

Uwar Biyu (Dallas)
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina so in ja kunnen masu dogara da taswirar nan ta Injiniya. Matsakaici take faɗa, ba ta yi wa kowa alkawari ba. Mu nan shiyya ta 8 ce, unguwarmu duk itatuwan dabino na ado, wasu sun fi gidajen tsawo. Fabrairun 2021 sanyi ya sauko har digiri 19 ƙasa da sifili, wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, muna cikin mota muna ɗumama yara, wa yake ta shuka? Da abin ya wuce, masu zarto sun yi wata da watanni suna sare matattun itatuwa. Nawa biyu suka tafi, da lemun tsami da na raina shekara shida. Abin da ya dawo shi ne wanda ransa ke ƙarƙashin ƙasa: ayaba, canna, citta ta ado. Tun daga nan duk abin da na san in ya mutu zan yi kuka, a tukunya yake, mai taya a ƙasa.

Alhaji Mai Lambu (Bristol)
Sannu Uwar Biyu, Allah ya kiyaye gaba. Mu ma Disambar 2022 ta yi mana irin wannan, ba don ta fi sauran sanyi ba, sai don kaka ta yi ɗumi, shuke-shuke ba su shirya ba, sanyin ya faɗo musu suna tsakiyar girma. Cordyline, wani iccen ado mai dogayen siraran ganye, da yawa a unguwarmu suka zama kamar tsintsiyar da ta jiƙe.

Wanda ke son mai kama da giginya a ƙasa mai sanyi irin tamu, ya nemi Trachycarpus fortunei. Ganyensa mafici ne kamar na giginya, jikinsa gashi-gashi. Daga duwatsun Chaina yake, babbansa yana jure wajen 15 ƙasa da sifili. Sunan wani Bature ɗan Scotland ya ci, Robert Fortune, wanda ya kawo shi Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, shi ne kuma mutumin da ya kwaso shayi daga Chaina a ɓoye ya kai Indiya. Nawa bai taɓa sanin bargo ba. Iska ce kawai maƙiyarsa, tana yayyaga ganyen. Wanda nake hana mutane saye shi ne dabinon tsibiran Kanari da manyan kantuna ke jerawa a bakin ƙofa duk watan Mayu da araha. Kyakkyawa ne, amma ƙaraminsa in ba a kudu can bakin teku ba, hunturu mai tsanani ɗaya ya ishe shi.

Ku lura da wani abu: kusan duk abin da ke ba mu kamannin gida a nan ba daga gida yake ba. Chaina, Japan, Taiwan, New Zealand. Na gidan na gaskiya, zogale da lalle da kuka, su ne ba sa zama.

Ɗan Damagaram (Hamburg)
Wannan Trachycarpus ɗin naka Alhaji, a kudancin Suwizalan ya yi daɗin wuri har ya tsere cikin daji yana danne na ƙasar. Tun Satumban 2024 an hana sayar da shi a can. Wani na lallashi, wani na kora.

Malama 'Yar Jos (Glasgow)
A Ingila ma an hana sayar da wani irin gunnera, mai ganyen nan kamar lema, tun ƙarshen 2023. Kuma don Allah kowa ya yi hankali da gora. Akwai mai zama wuri ɗaya, Fargesia, akwai mai bin ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya zauna gidanmu kafin mu mai bin ƙasan ya dasa, ta ratsa shinge ta ɓullo a tsakar gidan maƙwabciya. Shekara biyu matar nan ba ta amsa gaisuwata.

Ɗan Zango (Bronx)
Ga wanda ke son ado da ci a haɗe, ɓaure. Ba na gida ba, tin ɗin da aka ambata a Alƙur'ani. Tsofaffin Italiyawan New York sun fi mu daɗewa da wannan ciwon na kewar gida. Maƙwabcina, tsoho ne ya haura tamanin, duk Nuwamba sai ya ɗaure rassan nasa, ya naɗe da tsohon kafet, ya kifa bokiti a kai. Ya ce mahaifinsa rami yake tonawa ya kwantar da bishiyar ya binne har sanyi ya wuce. Ya yanko min reshe, yanzu shekara huɗu ina ci. Ganyen ma faffaɗa ne, in ka tsaya ƙarƙashinsa a Agusta ka rantse ba a Bronx kake ba.

Hajiya Babba (Mississauga)
Ni kuwa abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar nan wata bishiya ce da suke ce wa pawpaw, ba gwandarmu ba. Asalin 'yar nan ce, tana fitowa a dazukan gabashin Amurka har kudancin Ontario, dusar ƙanƙara ba ta dame ta ba. Ranar da aka fara ba ni na ɓare na shinshina, sai na ce wannan ai gwandar daji ce. Ɗana ya bincika, ashe dangi ɗaya ne. Ganye dogo yana rataye, nama rawaya mai laushi, baƙaƙen ƙwallaye. Ba ta zuwa kanti don ba ta jure tafiya, kwana kaɗan ta lalace. Na dasa biyu, don ɗaya ba ta cika haihuwa ita kaɗai ba, sai da iri daban a kusa. Bana shekara biyar, 'ya'ya tara na tsinka a ƙarshen Satumba, na ɓoye uku a firji ban gaya wa kowa ba.

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
Hajiya in za ki zo Ingila ki ƙullo min ƙwallon a bakin zani.

Shugaban Zaure
A'a, a nan zan sa baki. Kada a yi amfani da zauren nan wajen shirya ɗauko iri ko reshe a jaka daga wata ƙasa. Ingila da Tarayyar Turai da Amurka da Kanada duk suna da doka a kai, galibi sai da takardar shaidar lafiyar shuka, in ba haka ba a ƙwace, wani wurin har da tara. Ba mugunta ba ce, cuta da ƙwari ake gudu. Yakuwa, kuɓewa, zogale, rama, duk akwai masu sayar da irinsu da izini a inda kuke. A ci gaba.

Maman Iman (Leeds)
Na dawo da rahoto. Yau da hantsi muka yi aikin. Na fara yanka daga sama, ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, gabana na faɗuwa, sai da na zo daidai ƙuguna wuƙar ta yi ƙas, na ga fari tas da ɗan kore a tsakiya. Na yi kabbara har Iman ta fito da gudu. Ragar waya ba mu samu ba, Baban Iman ya lanƙwasa tsohon abin shanya ya yi keji, muka cusa kara buhu ɗaya da rabi, muka kifa murfin tsohuwar robar wanka a sama muka danne da bulo. Kuma Baba, a gindin na ga 'yan ƙanana biyu sun leƙo, su ma sun yi baƙi. In cire su? Sannan yaushe zan buɗe?

Alhaji Mai Lambu (Bristol)
Madalla. Ƙananan ki bar su, ki tura musu ganye a kai, 'ya'yanta ne, in uwar ta gaza su za su gaje ta. Sai sun yi kamu biyu a watan Yuni ake raba su, da 'yar saiwarsu. Buɗewa kuwa ba rana ɗaya ba ce. Wajen Afrilu za ki ga murfin ya fara ɗagawa da kansa, sabon ganye ne ke turowa a naɗe kamar tabarma. Sai ki cire murfin ki rage karan, amma ki ajiye tsohon zanin gado a kusa, duk daren da aka ce sanyi zai sauka ki yafa mata, har ƙarshen Mayu tunda ke kina arewa. Lokaci-lokaci ki zura hannu cikin karan, in ya jiƙe ki canza. Ki sa safar hannu, ɓera na son wurin.

Maman Iman (Leeds)
Ɓera kuma? Baba ba ka faɗi wannan tun farko ba!

Ɗan Gwarzo (Birmingham)
Injiniya, baƙin ƙyallen nan, in na rufe da shida na tafi aikin dare, na dawo takwas da rabi maimakon bakwai, zai ɓata lissafin? Uwargida ta riga ta ce ita ba za ta yi wa yakuwa reno ba.

Injiniya (Minneapolis)
Duhun ya yi yawa ba laifi, katsewarsa ce matsala. Ka dai tabbata fitilar titi ba ta leƙa ciki, kuma kada ka bar ta a rufe rana ta take, za ta dahu.